Kasuwanci da kare muhalli a masarautar Gumel

Ci gaba mai ɗorewa shi ne biyan buƙatun mutanen yau ba tare da tauye rabon masu zuwa gobe ba. Ma'anar ta yaɗu ne daga rahoton kwamitin Brundtland na 1987, kafin Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da muradu 17 a 2015, waɗanda ake son cimmawa nan da 2030. A masarautar Gumel, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar a arewacin Jigawa, batun bai wuce abu uku ba: ƙasar noma, itatuwa da ruwa.

Yankin na iyaka da jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar. Ƙasarsa jigawa ce mai rairayi, daminarsa kuma gajera. Duk da haka, a kanta kasuwancin yankin ya dogara: dabbobin da ke cika kasuwar Maigatari kowace Alhamis, da riɗi da zoɓon da ake lodawa zuwa ƙasashen waje. Idan iska ta kwashe albarkar gona ko makiyaya ta ƙare, dillali da mai sito da mai tirela duk za su ji a jikinsu.

Misalin da ya fi jan hankali shi ne shirin noman rake na kamfanin Lee Group, wanda gwamnatin Muhammad Badaru Abubakar ta ware wa kimanin hekta 12,000 a Gagarawa da maƙwabtanta, har da Sule Tankarkar. Gwamnati ta kafa hujja da samar da ayyukan yi da rage shigo da sukari. Manoma da dama kuwa sun ƙi amincewa, suna cewa diyya ba za ta maye gurbin gonar gado ba. Dokar mallakar filaye ta 1978 ta bai wa gwamna ikon karɓar fili domin amfanin jama'a, amma dokar 1992 ta wajabta tantance illar duk wani babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. Nan ne gizo ke saƙar, domin rake shuka ce mai shan ruwa ƙwarai, kuma rijiyoyin mutane da na dabbobi daga ruwan ƙarƙashin ƙasa suke sha. Yawan ruwan da za a ja, da makomar burtali da itatuwan da ke cikin filin, tambayoyi ne da ya kamata mai zuba jari ya amsa a bainar jama'a.

Akwai kuma kasuwancin da ribarsa ke tafiya da raya daji. Dakwara, itaciyar da ake samun ƙaro a jikinta, tana jure fari, tana riƙe rairayi, tana kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. Masana'antun lemo da alewa da magunguna na duniya na sayen ƙaron. Sai dai itaciyar kan ɗauki shekara huɗu zuwa biyar kafin ta fara bayarwa, don haka manomi ba zai yi haƙurin renonta ba sai da tabbacin mai saye. A tsallaken iyaka, manoman Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo da miliyoyin hektoci tun daga shekarun 1980 ta hanyar sassaben zamani, wato barin tohon gawo da sauran itatuwa su girma a cikin gona.

Jigawa na cikin jihohi 11 da ke ƙarƙashin hukumar Great Green Wall ta ƙasa, wadda aka kafa da doka a 2015, tana kuma cikin shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 da dala miliyan 700. Waɗannan shirye-shirye na raba dashe da kafa shingen itatuwa, amma ban ruwa da tsare dashen daga awaki da gatarin masu itacen girki a rani shi ne aikin da ya fi wuya.