Jirgin Handley Page Heyford: Tsari, Jinkiri da Gwajin Daventry, 1927–1941

Tsakure

Maƙalar ta nazarci Handley Page Heyford, jirgi na ƙarshe mai fukafukai hawa biyu cikin manyan jiragen jefa bam na rundunar sojan saman Birtaniya, RAF. An nuna cewa jinkirin shekara shida tsakanin fitar da takardar buƙata da fara aiki ne ya tsufar da shi, kuma amfaninsa mafi girma ya zo ne ranar da aka mai da shi abin gwajin rada.

Gabatarwa

A 1927 Ma'aikatar Jiragen Sama ta Birtaniya ta fitar da takardar buƙata mai lamba B.19/27, tana neman jirgin kai farmakin dare da zai gaji Vickers Virginia. Samfurin kamfanin Handley Page ya fara tashi a Radlett a Yunin 1930, amma sai a ƙarshen 1933 runduna ta 99 da ke Upper Heyford ta karɓe shi. Shekarun nan na tsuke bakin aljihu ne: tun 1919 gwamnati ke tsara kasafin soja bisa zaton ba za a yi babban yaƙi ba cikin shekara goma, ga taron kwance ɗamara na Janeba da aka buɗe a 1932, inda aka yi ta muhawarar haramta irin waɗannan jirage.

Tsarin jirgin

Wanda ya ga hoton Heyford karon farko zai zaci an haɗa shi a kife. Gangar jirgin tana manne da fiffiken sama, tare da injuna biyu ƙirar Rolls-Royce Kestrel, fiffiken ƙasa kuwa yana rataye can ƙasa, tsakiyarsa an kaurara ta domin ta zama rumbun bama-bamai. Dabarar tana da dalili. Rumbun yana kusa da ƙasa kuma nesa da farfela, don haka masu loda makamai za su iya aikinsu ba tare da jiran a kashe inji ba. Maharba kuma, da yake suna sama da fukafukai, babu abin da ke tare musu gani. Bindigogin Lewis uku ne: ɗaya a hanci, ɗaya a baya, ɗaya a wani ɗan keji da ake zurowa daga ƙarƙashin ganga, wanda sojojin suka yi wa laƙabi da kwandon shara.

Matuƙi ne ya biya farashin. Yana zaune a buɗaɗɗen waje, kusan mita biyar daga ƙasa, don haka auna tazara wajen sauka sai gwani. Gudun jirgin bai wuce kilomita 229 a awa ba, alhali Martin B-10 na Amurka, mai fiffike hawa ɗaya, ya riga ya haura 300. A ganin wannan marubuci, dabarun Heyford amsoshi ne masu kyau ga tambayar 1927, sai dai kafin ya iso an sauya tambayar. An ƙera 125.

Rauninsa ya fito fili ranar 12 ga Disamba 1936, lokacin da jirage bakwai na runduna ta 102 suka taso daga Aldergrove a Ayalan ta Arewa zuwa Finningley. Hazo da ƙanƙara suka rutsa da su, guda ɗaya kacal ya isa, mutum uku suka mutu.

Gwajin Daventry

A farkon 1935 masanin kimiyya Robert Watson-Watt da mataimakinsa Arnold Wilkins suka lissafa cewa jirgi zai iya maido da igiyar rediyon da ta buge shi. Hugh Dowding, babban jami'in RAF, ya ce gani ya kori ji. Ranar 26 ga Fabrairu aka sa Robert Blucke ya tuƙa Heyford ta cikin siginar tashar gajeren zango ta BBC da ke Daventry, mai zangon kusan mita 49, Wilkins kuwa yana cikin wata motar kaya a gona kusa da Weedon da na'urar karɓa. Faɗin fukafukan jirgin kusan mita 23 ne, wato kusan rabin zangon, girman da ƙarfe ya fi amsa igiya da shi. Ɗigon haske a fuskar na'urar ya riƙa miƙewa yana tsukewa har jirgin ya yi nisan kimanin kilomita 13.

Daga wannan gwaji aka samu kuɗin binciken da ya haifar da jerin tashoshin rada na Chain Home, waɗanda suka riƙa hango jiragen Jamus a 1940. A lokacin jiragen Whitley da Wellington sun riga sun karɓi aikin Heyford, wanda bai taɓa kai farmakin yaƙi ba. Ragowar jiragen Heyford sun ci gaba da horar da maharba na ɗan lokaci, wasu kuma sun yi aiki har 1941.