Daga Bangon Titi Zuwa Bangon Falo

A ranar 29 ga Yuli, 1881, Faransa ta kafa dokar 'yancin ɗab'i, wadda ta sassauta ƙa'idojin manna takardu a bango. Kafin nan Jules Chéret ya riga ya ƙware wajen buga zane mai launuka da allon dutse, kowane launi da dutsensa. Da doka ta haɗu da fasaha, sai titunan Faris suka cika da fastocin talla, kamfanonin barasa na cikin manyan masu biya.

Leonetto Cappiello, ɗan Italiya, ya lura cewa mai wucewa ba ya tsayawa karatu, sai ya koma zana siffa ɗaya tak a kan baƙin fili, kamar koren shaiɗan ɗin Maurin Quina na 1906.

A takarda mai araha aka buga su, ruwan sama da rana suka cinye mafi yawa. Waɗanda suka tsira, masu tarawa ne suka adana, shi ya sa suke tsada a gwanjo. Yawancin na falo a yau kwafi ne. Mai saye ya duba da gilashin ƙara girma: jerarrun ɗigo-ɗigo alamar bugun zamani ce.