Ɗaurin Talala da Iyakar da Ke Tsakiyar Ruwa

'Yan uwa marubuta, sau da yawa a littattafanmu alƙali kan saki mai laifi bisa sharaɗi, sai marubuci ya rufe babi kamar magana ta ƙare. Alhali a nan take farawa. Mu ɗauki saurayin da kotu a Yelwa ta yi wa ɗaurin talala, wato aka bar shi ya zauna a gida muddin zai kiyaye sharuɗɗa yana kai kansa wurin mai sa ido. Ranar kasuwa ya hau kwalekwale daga Warra, ya sauka a Malale. Bai yi wata doguwar tafiya ba, amma ya bar Jihar Kebbi ya shiga Jihar Neja. In ya ƙi dawowa, wa zai bi shi, kuma da wace doka?

A da, tambayar ba ta da wannan nauyi. A 1957 Jihar Arewa ta kafa dokar ɗaurin talala, a 1960 kuma kundin hukunta laifuffuka da na tsarin shari'a suka fara aiki. Doka ɗaya ce daga Sakkwato har Ilori. Yawuri tana lardin Sakkwato, Borgu da ke tsallaken kogi tana lardin Ilori, amma littafi guda alƙalansu ke buɗewa. Ga kuma abin da takarda ba ta faɗa: mai unguwa da dagaci sun san baƙon da ya kwana a garinsu, wanda ya tsaya wa mai laifi kuwa ya san kunyar da ke jiransa a fada.

Sai aka fara yanka. A 1967 Yawuri ta faɗa Jihar Arewa maso Yamma, Borgu ta tafi Kwara. A 1968 gidajen yarin En'e suka koma hannun gwamnatin tarayya, a shekarar ce kuma madatsar Kainji ta cika, aka tashi mutane sama da 40,000 daga gidajensu. Dangi ɗaya suka rabu gaɓa biyu. A 1976 aka cire Neja, a 1991 aka cire Kebbi, aka mayar da Borgu cikin Neja. Kowace jiha ta gaji tsohuwar doka tana yi mata kwaskwarima yadda ta ga dama, har zuwa 2000 da Kebbi da Neja suka shigo da hukuncin Shari'ar Musulunci, kowacce da nata tsarin.

Amurka ta riga mu shiga wannan ruɗani. A 1937 jihohinta suka ƙulla yarjejeniyar sa ido kan waɗanda aka saka bisa sharaɗi, a 2002 suka maye gurbinta da sabuwa mai hukuma da ƙa'idoji: jihar da mutum ya koma ita ke sa masa ido, ta kai rahoton saɓawarsa ga jihar da ta yanke hukunci, ita kuma ta karɓe shi in laifin ya kai.

Mu hanyarmu daban ce. Dokar shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015 ta tanadi ɗaurin talala da sakin fursuna kafin cikar wa'adi, dokar 2019 kuma ta sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali, ta ba ta sashen kula da masu hukunci a waje. A ganina wannan dama ce babba, tunda jami'in Yelwa da na Sabuwar Busa shugabansu ɗaya. Sai dai umarnin da suke tsarewa na kotun jiha ne, bisa dokar jiha. A 2023 ma gyaran tsarin mulki ya bai wa jihohi ikon kafa nasu gidajen gyaran hali, don haka bambancin na iya ƙaruwa.

Mai son rubuta wannan labari ya rarrabe abu uku da muke cakuɗawa: beli kafin hukunci ake ba da shi, talala ita kanta hukunci ce, afuwa kuwa ikon gwamna ce kan laifin da aka yi wa dokar jiharsa. Gwamnan Neja ba zai iya yafe wa saurayinmu na Malale hukuncin Kebbi ba, ko da can mahaifiyarsa take.