Sayen kwanaki a Makka: wajen kamfani ko hannu na biyu?

Masu turo min tallan "mallaki ɗaki kusa da Harami", abin nan fa ba yau aka fara ba. Tun 2003 kamfanin Munshaat na Kuwait ya fito da takardun sukukul intifa'i na Hasumiyar Zamzam. Ba ɗaki aka sayar wa mutane ba, 'yan kwanaki ne duk shekara har tsawon shekara 24, domin filin na wakafin Sarki Abdul'aziz ne. Goman ƙarshe na Ramadan sun fi tsada. Mai takarda na iya ba da hayar kwanakinsa ko ya sayar.

Daga nan hannu na biyu ya samo asali. A wajen kamfani, kuɗin talla da la'adar dillalai duk kai za ka biya. Wanda ya gaji kuwa karyarwa yake yi. Sai dai ragowar shekarunsa kake saya, wataƙila har da bashin kuɗin kula da gini.

Mu mutanen Gumel mun san irinsa a rumfunan kasuwar Maigatari. Ƙasa ta hukuma ce, in ba a sauya suna a takarda ba, rumfa tana nan ta mai ita na farko. Ni dai hannu na biyun zan saya, amma sai na ƙirga shekarun da suka rage.