Turmi da Zinariya: Matsayin Mata a Tarihin Haƙar Ma'adinai a Yammacin Zamfara

Manufar wannan maƙala ita ce ta jawo hankalin manazarta ga wani ɓangare na tarihin ƙasar Zamfara wanda ba a cika kula da shi ba, wato aikin da mata suka yi a sana'ar zinariya a Anka da Bukkuyum da maƙwabciyarsu Gummi. Galibi idan ana zancen haƙar ma'adinai, namiji ake hange a cikin rami da diga a hannu. Amma dutsen da aka haƙo ba ya zama zinariya sai an fasa shi, an niƙa, an wanke. Babban kaso na wannan aiki kuwa a tsakar gida aka yi shi.

Neman zinariya ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. A zamanin Turawa, musamman daga wajen 1933, an yi rububin haƙarta a Lardin Sakkwato da maƙwabtansa, kana Yaƙin Duniya na Biyu ya dusashe harkar. Ta sake farfaɗowa sosai bayan da farashin zinariya ya haura dala 1,000 kowace oza a 2009. Manoma da yawa suka ga abin da rami ke bayarwa a mako ya fi abin da gona ke bayarwa a damina.

A nan ne al'adar kulle ta shigo. Tun a 1969 Polly Hill ta nuna, daga bincikenta a Batagarawa ta ƙasar Katsina, cewa matar kulle ba zaman banza take yi ba. Tana da sana'arta da jarinta, yara ne 'yan aikenta. Saboda haka da dutsen zinariya ya zama abin kuɗi, sai ya bi hanyar da gyaɗa da gero suka saba bi: aka kai shi cikin gida. Mata suka daka shi a turmi, aka niƙa shi a injin niƙan hatsi, aka shanya shi a inda ake shanya tsaba, aka kuma yi amfani da sinadarin makuri wajen kama zinariyar.

Abin da ba su sani ba shi ne dutsen cike yake da dalma, dangin wadda ke cikin dutsen tozali. Ƙurarsa ta sauka a ƙasan da yaro ke rarrafe, da abincin da yake ci. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan mutuwar ƙananan yara. Da farko an zaci sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro, amma magani bai yi aiki ba. Binciken hukumar CDC ta Amurka a Dareta ta Anka da 'Yargalma ta Bukkuyum ya gano cewa yara 118 daga cikin 463 'yan ƙasa da shekara 5 sun rasu cikin shekara guda, wato ɗaya bisa huɗu ke nan. A wasu wurare dalmar da ke cikin ƙasa ta wuce kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin Amurka na lokacin 400 ne. Gaba ɗaya an ƙiyasta yara fiye da 400 suka rasu.

Daga Yuni 2010 zuwa 2011 aka kankare gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka bakwai, cikinsu har da Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza da Tungar Guru, aka zuba sabuwa. Bagega kuwa, wadda ta fi su girma, sai a 2013 aka yi nata aikin, bayan Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin da ta daɗe da alkawartawa. Dubban yara sun sha maganin da ke fitar da dalma daga jini, kuma uwaye ne suka yi jinyarsu, wasu suna cikin takaicin rashin wani ɗan. MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jiha a 2022. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilu 2019 saboda rashin tsaro, ta ɗage hanin a Disamba 2024.

Akwai abin lura a nan. Fitar da niƙa daga cikin gari ya ceci yara, amma ya raba mata da hanyar samun kuɗin da ta shigo hannunsu. Su suka yi aikin, su suka binne 'ya'ya, su kuma suka rasa sana'ar. Duk da haka rahotannin da aka rubuta sun fi ƙidaya su ne a matsayin uwayen marasa lafiya.

Tarihin baka na Zamfara ya adana sunan Sarauniya 'Yargoje ƙarni bayan ƙarni, domin an sami masu faɗarsa. Matan Dareta da Bagega suna raye, kuma suna da labarinsu da kalmomin sana'arsu cikin karin harshen Zamfarci. Ya kamata ɗalibai mata na sassan Hausa da Tarihi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Tarayya ta Gusau, waɗanda al'ada ta yarje musu shiga cikin gida, su naɗi wannan shaida tun masu ita ba su ƙare ba.