Taurari a Hannun Maɗinka

Ranar 14 ga Yuni, 1777, majalisar Amurkawan da ke yaƙin neman 'yanci ta zauna a Filadelfiya ta yanke shawara kan tutar ƙasa: ratsi 13, ja da fari, da fararen taurari 13 a kan shuɗi. Ba ta faɗi yadda za a jera taurarin ba, balle tsawon ƙyallen da faɗinsa. Wannan shirun ne ya haifi sha'awar masu tara tsofaffin tutocin Amurka a yau. Shekara 135 kowane maɗinki yana bin abin da idonsa ya so. Wani ya yi da'ira, wani ya haɗa ƙananan taurari su fitar da babba guda, wani ya watsa su kamar an zubar da gero. Sai a 1912 Shugaba Taft ya ƙayyade tsari ɗaya na taurari 48, aka daina ganin hannun mai ɗinki a jikin tuta.

Dokar 1818 ce ta tsayar da ratsin a 13, ta kuma ce duk jihar da ta shigo tarayya za a ƙara mata tauraro ranar 4 ga Yulin da ya biyo baya. 'Yan kasuwa ba su iya jira ba. A 1889 wasu sun buga tutoci masu taurari 39, suna zaton Dakota za ta shigo a matsayin jiha ɗaya, sai ta shigo a rabe biyu. Da Montana da Washington suka biyo, aka ɗinka masu 42, amma ana gobe za su fara aiki, ranar 3 ga Yuli, 1890, Idaho ta shigo, lissafi ya koma 43. Tutocin da hukuma ba ta taɓa amincewa da su ba, yau ana nemansu ido rufe.

A da, mutane ba su ɗauki tsohuwar tuta abin adanawa ba, ko da suna girmama ta. Babbar tutar da Mary Pickersgill ta ɗinka a Baltimore a 1813, mai ƙafa 30 da 42, wadda ta tashi a sansanin McHenry bayan luguden wutar Ingilawa a 1814, ta zauna a gidan zuriyar kwamandan sansanin, George Armistead. Suka riƙa yankar ƙyallenta suna ba wa manyan baƙi da tsofaffin sojoji, har tauraro guda aka cire. Kafin ta isa gidan tarihi na Smithsonian a 1907, ta yi asarar kusan ƙafa takwas. Ƙauna ce ta cinye ta, kuma abin yana da ciwo.

Boleslaw Mastai da matarsa Marie-Louise na cikin waɗanda suka sauya wannan kallo. Sun tara ɗaruruwan tutoci, kuma littafin da suka fitar a 1973 ya nuna wa jama'a cewa aikin hannu ne mai daraja. Kuɗi ya biyo baya. A 2006 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da tutocin yaƙi huɗu kan sama da dala miliyan 17. Hafsan Ingila Banastre Tarleton ne ya ƙwace su a 1779 da 1780, danginsa suka adana su fiye da shekara 200. Abokin gaba ya riƙe abin da masu shi da wuya su iya riƙewa. A 2010 kuma ƙaramar tutar rundunar hafsan Amurka Custer daga yaƙin Little Bighorn na 1876, wadda gidan tarihin Detroit ya saya dala 54 a 1895, ta tashi a dala miliyan 2.2.

Inda kuɗi ya shiga, dole a yi hattara. Yawancin tutoci masu taurari 13 da ke yawo a kasuwa ba na zamanin yaƙin 'yanci ba ne. An ɗinka su ne don bikin cika shekara ɗari a 1876, ko don ƙananan jiragen sojan ruwa da suka ci gaba da amfani da su har 1916. Shi ya sa gwani ba ya tsayawa ga ƙirga taurari. Yakan duba saƙar ulun, da murɗin zaren, da ɗinkin kansa, domin in ya ga sawun keken ɗinki ya san ƙyallen bai girmi shekarun 1850 ba.