Majalisar Kona: Shekara Ashirin Tsakanin Lanho da Burtali

Kafin shekarar 2004, sha'anin mulkin Kona a hannun sarakunan gargajiya da jami'an gwamnati na Tasawa yake. Dokokin watan Yuni na 2002 ne suka kasa Nijar zuwa ƙananan hukumomi 265, har da Kona, aka kuma zaɓi kansilolin farko ranar 24 ga Yuli, 2004. Kansiloli ne suka riƙa zaɓen magajin gari daga cikinsu. Sarakuna kuwa sun riƙa zama a ji shawararsu, amma ba tare da jefa ƙuri'a ba.

Aikin irin wannan majalisa ba mai amo ba ne: tsara kasafin kuɗi, bin lanho ta hannun masu gari, karɓar harajin kasuwa, rubuta haihuwa da aure da mutuwa, gyaran rijiya, da shata burtali don kada shanu su faɗa wa gero. Sai dai a nan rayuwar talaka take. Yaron da ba shi da takardar haihuwa yakan ga tasku ranar jarrabawa. Manomin da bai ga aiki ba yakan noƙe wajen biyan lanho, rashin kuɗin nan kuma shi ke tsai da aikin.

An sake zaɓe a 2011 da 2020. A watan Afrilu na 2024 gwamnatin Janar Abdurrahman Tiani ta rusa majalisun ƙasar, ta naɗa kantomomi. Rajistar haihuwa da burtali dai ba su rushe ba; wanda ake tambaya a kansu ne ya canja.